Crash na wane ne? Waiwaye kan mallakar taurarin wasannin bidiyo

A ranar 13 ga Oktoban 2023 kamfanin Microsoft ya kammala sayen Activision Blizzard a kan kusan dala biliyan 69. Hankalin 'yan kasuwa duk ya tafi kan Call of Duty da Candy Crush, tunda su ne ke kawo riba. Amma cikin kayan da suka sauya hannu ran nan har da wani ɗan taliki mai jiki ruwan lemo da shuɗin wando, wato Crash Bandicoot. Duk wanda ya buga PlayStation ta farko ya san shi, domin a shekarun 1990 da fuskarsa Sony ke tallar na'urarta. Yau ga shi a hannun masu Xbox, manyan abokan hamayyar Sony. Kamfanin da ya ƙirƙire shi kuwa, Naughty Dog, yana nan daram a Kalifoniya yana aiki a ƙarƙashin Sony, amma ba shi da ikon sa Crash ya yi ko tsalle ɗaya sai da izinin wasu.

A wannan sana'a ɓangarori biyu ne ke haɗuwa kafin wasa ya iso hannun mai saye. Akwai masu ƙira, wato masu zane da masu rubuta manhaja da masu kiɗa, waɗanda ke kwana a gaban kwamfuta. Akwai kuma mawallafi, kamfanin da ke zuba kuɗi, ya buga faifai, ya yi talla, ya kai kaya kantuna. Muddin ana zaman lafiya ba wanda ke tambayar tauraron wasan na wane ne. Ranar da aka raba gari ake ɗauko takardar da aka sa wa hannu shekaru da suka wuce, kuma kusan kullum takardar tana bayan wanda ya ba da kuɗi.

A ƙarshen shekarun 1970 rigimar ma ba ta kai ga mallaka ba, a kan suna ake yinta. A kamfanin Atari na Amurka mutum ɗaya ke haɗa wasa sukutum, daga zane har sauti, amma ba a rubuta sunansa a kwali, ba a ba shi ko sisi daga cinikin kaset. Warren Robinett, wanda ya yi wasan Adventure, ya gaji da wannan ya ɓoye sunansa a cikin wasan da kansa. Sai mai wasa ya gano wani ɗigo ƙwaya ɗaya a cikin ƙurmin wani gidan sarauta, ya ɗauko shi ya kai wani wuri, sannan bango ya buɗe masa ya shiga wani ɗaki da babu komai a ciki sai sunan Robinett yana walƙiya. Shugabannin kamfanin ba su san da ɗakin ba sai bayan da kaset ya bazu a gidaje.

A 1979 wasu ma'aikatan Atari huɗu, David Crane da Alan Miller da Bob Whitehead da Larry Kaplan, suka ga takardar ciniki, suka gane cewa wasanninsu ne suka kawo fiye da rabin kuɗin da kamfanin ya samu a kaset, alhali su albashi kawai suke ɗauka. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Suka nemi a riƙa ba su kaso a kuma sa sunayensu, shugaban kamfanin Ray Kassar ya ƙi, suka fice suka kafa Activision. Sabon kamfanin ya riƙa buga suna da hoton mai ƙira a littafin da ke cikin kwali, kuma wannan ci gaba ne na gaske. Sai dai suna aka samu, mallaka tana nan inda take. Crane ya ƙirƙiri Pitfall Harry a 1982, wasan ya sayar da kaset sama da miliyan 4, kuma da ya bar Activision bayan 'yan shekaru bai tafi da Harry ba.

Japan ce ta fara nuna cewa ana iya yanka wasa ɗaya gunduwa-gunduwa, kowa ya riƙe tasa. Donkey Kong na 1981 Shigeru Miyamoto na Nintendo ne ya tsara shi, amma injiniyoyin wani kamfani, Ikegami Tsushinki, su suka rubuta manhajar. Da aka ɓata, Ikegami ya kai ƙara cewa manhajar tasa ce, ba a sasanta ba sai 1990. Goggon birin da mai gashin bakin nan da ya zama Mario suka zauna wajen Nintendo, domin zane da suna daban, manhaja daban. Labarin Wonder Boy na 1986 shi ne juyin wannan. Sega ce ke da sunan, masu ƙirar wasan kuma, waɗanda daga baya aka sani da Westone, su ke da gangar jikinsa. Da kamfanin Hudson ya so kai wasan kan na'urar Nintendo, sai aka cire yaron, aka dasa wani jarumi mai hula wanda aka zana a kamannin wani ma'aikacin Hudson, aka kira wasan Adventure Island. Daji ɗaya, tsalle ɗaya, gatari ɗaya, jarumai biyu a gidaje biyu.

Amma ban san wani labari da ya fito da matsalar fili kamar na Crash ba, shi ya sa zan ɗan tsaya a kansa.

Andy Gavin da Jason Rubin abokai ne tun suna yara, tare suka kafa Naughty Dog. A 1994 aljihunsu ya kusa ƙarewa a kan wani wasan dambe da suka yi, Way of the Warrior. A wannan hali Universal Interactive, reshen wasanni na kamfanin fina-finan nan na Hollywood, ya miƙo musu hannu: ofis a harabar kamfanin da kwangilar wasanni uku. Samari biyu da ba su da jari ba su da bakin ciniki. Suka sa hannu, kuma a cikin sharuɗɗan akwai cewa abin da za su ƙirƙira na Universal ne. A hanyarsu ta ƙaura daga Boston zuwa Los Angeles a mota suka yi tunanin wasan da mai bugawa zai riƙa kallon bayan jarumi yana kutsawa cikin daji, maimakon a gan shi ta gefe kamar yadda aka saba. Suka ɗauko masu zane biyu, Charles Zembillas da Joe Pearson, aka fitar da siffar wata dabbar Ostireliya mai kama da gafiya. Sony ta ga wasan ta karɓi wallafa shi, ya fito a Satumban 1996, ya sayar da faifai sama da miliyan 6. Har a Japan ya karɓu, inda ba kasafai wasan Turawa ke shiga ba. Sony ta yi wata talla da aka daɗe ana tunawa, inda wani mutum sanye da kayan Crash ya tsaya a gaban ofishin Nintendo da lasifika yana kirari. Jama'a suka ɗauka Crash na Sony ne, kamar yadda Mario yake na Nintendo. Alhali Sony haya kawai take yi.

Wasa na biyu ya fito a 1997, na uku a 1998, dangantaka da Universal kuma tana ƙara tsami. Rubin ya sha ba da labarin yadda suka ƙarasa na ukun a cikin lungunan ofis da zafi, har suna neman ƙanƙara da fanka don kada kwamfutoci su mutu. Da suka fara wasan tseren mota na 1999, Crash Team Racing, ba su da tabbacin za a bar su su sa nasu jarumin a ciki, don haka da wasu gumaka marasa fuska suka fara gwaji, sai da Sony ta daidaita da Universal sannan aka ɗora Crash a mota. Wannan shi ne na ƙarshe da suka yi. A 2001 Sony ta sayi Naughty Dog, suka fito da sababbin jarumai, Jak da Daxter. Gavin ya bayyana dalilin sayarwar daga baya: Crash na farko bai ci dala miliyan 2 ba, Jak and Daxter kuwa ya ci wajen miliyan 15. Ƙaramin kamfani ba ya iya ɗaukar wannan nauyi da kansa, wasa ɗaya ya faɗi shi ke nan an rufe ƙofa.

Crash kuma ya shiga yawo. Kamfanin Vivendi na Faransa ya haɗiye Universal, aka riƙa ba da kwangilar wasannin ga wannan da wancan, Traveller's Tales da Vicarious Visions da Radical Entertainment, har a 2007 aka sake masa siffa da zanen jarfa a hannuwa, tsofaffin masoyansa suka kasa gane shi. A 2008 reshen wasannin Vivendi ya haɗe da Activision, kamfanin nan da aka kafa don ƙwato wa masu ƙira mutunci, kuma daga wannan shekara aka daina fitar da babban wasan Crash har kusan shekara tara. Spyro, ɗan dodon nan shunayya mai fuka-fuki da kamfanin Insomniac ya ƙirƙira a 1998, hanya ɗaya ya bi, domin shi ma a harabar Universal aka haife shi da irin waccan takardar.

Akwai wani wuri a wasan Uncharted 4 na 2016, wanda Naughty Dog suka yi, da ke taɓa mini zuciya. Jarumin wasan, Nathan Drake, yana zaune a kujera da matarsa bayan cin abincin dare, sai ya ci alwashin karya makinta a wani tsohon wasa. Ya ɗauki hannun PlayStation ta farko, allon ya canza, sai ga Crash yana gudu, ƙaton dutse na gangarowa a bayansa, kuma kai mai wasa kai ne za ka tsallake ramukan. Mintuna kaɗan ne. Kafin su sa wannan ɗan gutsure na abin da suka ƙirƙira da hannunsu shekara 20 baya, sai da aka nemo yardar Activision.

Doka ba ta ga laifi a cikin wannan ba. A Amurka, dokar haƙƙin mallaka ta 1976 ta ce abin da ma'aikaci ya ƙirƙira a bakin aikinsa, a idon doka wanda ya ɗauke shi aiki ne ya ƙirƙira shi. Marubucin da ya sayar da haƙƙin littafinsa yana iya neman a dawo masa da shi bayan shekara 35, amma aikin ƙodago ba ya cikin wannan sassauci, kuma haƙƙin kamfani yana kai shekara 95 daga ranar fitowa. Sunan jarumin kuma alamar kasuwanci ce, wadda ba ta da ranar mutuwa muddin ana amfani da ita ana sabuntawa. Yawancin waɗanda suka zana taurarin shekarun 1990 ba za su ga ranar da za su fita daga hannun kamfani ba.

Rabuwar da aka fi yi wa rabon kaya dalla-dalla ita ce ta Rare da Nintendo. Rare kamfani ne na 'yan'uwa biyu, Tim da Chris Stamper, a wani ƙauye mai suna Twycross a Ingila. Nintendo tana da kashi 49 na hannun jarinsa, ta kuma ba su amanar Donkey Kong, suka farfaɗo da shi a 1994, suka yi masa dangi: ɗan biri Diddy, da Dixie, da sarkin kadoji K. Rool. A gefe guda suka ƙirƙiri nasu, Banjo da tsuntsuwarsa Kazooie, da kurege Conker, da Joanna Dark. A Satumban 2002 Microsoft ta sayi Rare a kan dala miliyan 375. Duk wanda ya shiga gidan Donkey Kong ya zauna wajen Nintendo, ko da a Twycross aka zana shi. Har Krystal, wadda aka ƙirƙira don wani wasan Rare na kansu, ta zama ta Nintendo, saboda an mayar da wasan cikin jerin Star Fox kafin ya fito. Sauran suka bi Microsoft.

Inda za ka ga tabon wannan rabo da idonka shi ne wasan tseren Diddy Kong Racing. A fitowarsa ta 1997, cikin direbobin da za ka zaɓa akwai Banjo da Conker a jere da Diddy. A 2007 aka sake fitar da shi a ƙaramar na'urar hannu ta Nintendo DS, kuma Rare ɗin ne suka yi aikin. Da ka buɗe allon zaɓen direba, Banjo da Conker babu su, an cike gurbinsu da birai biyu mata. Haka a 2015, da Rare ta tattara wasanninta 30 a faifai ɗaya don bikin cika shekara 30, babu Donkey Kong Country a ciki, babu GoldenEye 007, wato biyu daga cikin ayyukan da suka fi ɗaukaka sunanta. A shekarar ce kuma wasu tsofaffin ma'aikatanta, da suka gaji da jiran sabon Banjo, suka roƙi jama'a a intanet suka tara sama da fam miliyan 2, suka yi Yooka-Laylee, inda hawainiya da jemage suka tsaya a gurbin jaruman da suka bari a baya.

Wani lokaci ma ba a bukatar rabuwa. Lara Croft a birnin Derby na Ingila aka zana ta, a ofishin Core Design, kuma mawallafinta Eidos shi ke da Core ɗin gaba ɗaya. Toby Gard da ya ƙirƙire ta ya ajiye aiki tun 1997. Da wasan 2003 ya fito da kurakurai, Eidos ya ɗauke Lara ya miƙa wa Crystal Dynamics a Amurka. A 2010 birnin Derby ya sa wa wani sabon titi sunanta, a shekarar da aka rufe abin da ya rage na ofishin da ya haife ta.

Daga nan masu ƙira suka fara koyon darasi, kuma Bungie ne suka fi nuna shi. A 2007 suka karɓi 'yancinsu daga Microsoft, farashin kuwa shi ne barin Halo da jaruminsa Master Chief. Da suka zauna ciniki da Activision a 2010 kan kwangilar shekara goma, suka kafe cewa sabon wasan, Destiny, nasu ne. Da aka rabu a Janairun 2019, Destiny ya bi su gida. Insomniac, da suka rasa Spyro, suka kai Sunset Overdrive wajen Microsoft a 2014 saboda an yarda su riƙe mallakarsa. A 2017 Square Enix ta saki IO Interactive na ƙasar Denmark, shugabanninsa suka fanshi kamfanin, aka bar musu Hitman. Remedy na ƙasar Finland sun sayar da Max Payne a 2002, jarumin da fuskar marubucinsu Sam Lake ce aka manna masa, kuma tun daga nan suke taka-tsantsan: sun karɓo haƙƙin wallafa Alan Wake daga Microsoft a 2019, a 2024 kuma suka biya yuro miliyan 17 don Control ya zama nasu kacokan. Hideo Kojima, wanda ya bar Konami a 2015 ba tare da jaruminsa Snake ba bayan kusan shekara 30 yana renonsa, ya mallaki Death Stranding a 2024.

Mawallafa suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Su ke sa kuɗi a abin da ba a san ko zai yi kasuwa ba, wasanni da yawa asara suke jawowa, kuma wanda ya yi nasara ne ke biyan bashin waɗanda suka faɗi. Ba kuma kullum sabon hannu ke ɓata jarumi ba. Crystal Dynamics sun raya Lara, Vicarious Visions sun dawo da Crash cikin mutunci a 2017, Toys for Bob suka yi wa Spyro haka a 2018. Na yarda da duk wannan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce don ka ba da jarin shekara uku, sai ka riƙe abin shekara 95, ko kana amfani da shi ko ka jefa shi a sito. A harkar buga littattafai an daɗe da sanin sharaɗin da ke cewa idan mawallafi ya daina buga littafi, haƙƙin ya koma wa marubuci. Da irin wannan sharaɗi ya zama al'ada a wasanni, da jarumai da dama da ke kwance yanzu sun koma hannun masu son su yi aiki da su.

Nasarar da masu ƙira suka samu ma tana da rauni, domin mallakar a sunan kamfani take, kamfani kuma ana sayensa. Sony ta sayi Insomniac a 2019, ta sayi Bungie a 2022 a kan dala biliyan 3.6, abin da suka kafe a kansa ya bi su cikin cinikin. Toys for Bob, da suka yi Crash na huɗu a 2020, sun fita daga Activision a 2024 suka tsaya da ƙafafunsu, kuma su ma ba su fita da Crash ko Spyro ba. Mutane irin su Zembillas da Pearson da Gard, waɗanda alƙalaminsu ne ya fara fitar da fuskokin, ba su taɓa shiga lissafin ba ko a wane ɓangare.

Mafi muni shi ne idan takardar kanta ta ɓace. A 2000 kamfanin Monolith ya yi No One Lives Forever, labarin wata 'yar leƙen asiri mai suna Cate Archer a shekarun 1960, wasan da ya sha yabo sosai. Fox Interactive ne ya wallafa shi. A 2003 Vivendi ya sayi Fox Interactive, a 2004 Warner Bros. ya sayi Monolith, a 2008 kayan Vivendi suka koma Activision. A 2014 wani ƙaramin kamfani mai farfaɗo da tsofaffin wasanni, Nightdive, ya so ya gyara shi ya sake fitarwa, ya bi gidajen uku ɗaya bayan ɗaya da tayin raba riba. Activision da Fox suka ce ba su tabbatar ko suna da haƙƙi ba, kwangilolin na zamanin takarda ne, sai an tona akwatuna. Warner ya ce ba ya sha'awa, bai kuma janye iƙirarinsa a kan sunan ba. Nightdive suka haƙura, don ba za su zuba kuɗi a abin da wani zai iya maka su kotu a kansa gobe ba. Bayan haka Disney ta sayi Fox a 2019, Activision ya koma Microsoft, a Fabrairun 2025 kuma Warner ya rufe Monolith. Ba a sake sa wasan a kasuwa ba, wanda ke son saninsa ta halastacciyar hanya sai dai ya nemi tsohon faifai wajen masu sayar da kwance.